Rasuwar Ma'aunin Ruwan Saman Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon sama, ni Mubaraka Saleh ta garin Mamudo ina sanar da rasuwar ma'aunin ruwan saman gidanmu. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, yana da damina biyu a duniya.

Marigayin ɗan siririn kofi ne na roba, mai zane-zanen lamba a jiki. Malam Bilyamin na wata ƙungiyar manoma ne ya kawo shi daga Potiskum. Ya ce tauraron ɗan'adam da ke sama ba ya ganin ƙasa idan gajimare ya rufe ta. Bayan hadarin yake gani, idan ya ga ya yi kauri da sanyi sai ya rubuta cewa an yi ruwa, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Don haka ake son mai shaida a ƙasa. Aka ba ni shi da littafin rubuta awon kullum, domin na iya lamba, kuma ba na zuwa ko'ina.

Mai haƙuri ne, bai taɓa ƙari ba. Muryarsa ɗaya ce, ƙwas-ƙwas, idan yayyafi ya fara. Bana mun daɗe ba mu ji ta ba. Kwana goma sha tara hadari yana haɗuwa, ya yi baƙi, iska ta kore shi. Tauraro ya rubuta ruwa. Marigayi ya tsaya a bushe, geronmu ma haka.

Rashin lafiyarsa gajeriya ce. Ranar roƙon ruwa mata suka dama kunun sadaka a gidanmu. Goggo Fanne, yayar babana, ta zare shi daga kan sandarsa, ta ce, "Wannan mai layi-layin zai raba daidai, ba wanda zai ce an cuce shi." Ina tsaye a wurin. Na buɗe baki, kunya ta rufe min shi. A awo na uku zafin kunu ya lanƙwasa shi, lambobin suka taru wuri ɗaya, gindinsa ya tsage. Goggo ta duba shi ta ce, "Kayan zamani ba ƙarko."

Jiya Malam Bilyamin ya zo. Ya ce, "Mubaraka, na yarda da ke, amma a ofis ba za su karɓi shaidar fasasshen ma'auni ba." Yanzu maganar tauraro ce kaɗai ta rage, shi kuwa ya ce Mamudo ta sha ruwa. An cire sunanmu daga cikin waɗanda za a ba iri na baɗi saboda fari. Namu irin duk yana cikin ƙasa, ya ƙone.

Ya rasu ya bar sandar da yake zama a kai, da littafi mai sifili goma sha tara, da babana wanda ya daina zuwa gona. Ban riƙe Goggo ba. Kaina na riƙe.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a gonarmu ta yamma, idan fartanya ta iya shiga ƙasar. Ba za a yi zaman makoki ba, don ba abin da za a dafa wa baƙi. Wanda ya zo ta'aziyya, kada ya wahalar da kansa da dogon jawabi. Idan yana da irin gero, ko cikin tafi ɗaya ne, ya ajiye a bakin ƙofa. Ba zan iya fitowa ba.