Yadda Ake Farautar Gwangwani Har A Zubar Da Mutuncin Aboki

Kana son a san ka waye? Akwai wasan da 'yan gayu suka kwaso a intanet: wani ya binne gwangwani a daji, ya sa alamar wurin a waya, kai kuma ka bi ka tono, ka rubuta sunanka a takardar ciki, ka mayar. Ba nama, ba lada. Bi matakan nan yadda Lawan na Malali ya bi su, na yi maka alkawarin sakamako kafin la'asar.

1. Zaɓi abokin da ke da abin asara

Kada ka ɗauki ɗan zaman banza. Lawan ya zaɓi Zakari, tela a Badarawa, wanda matan unguwa ke kai wa ɗinki don abu ɗaya: ba a taɓa jin sunansa cikin wata magana ba. Ce masa motsa jiki za ku yi.

2. Fita da tsakar rana

Cikin bazara, ƙarfe sha biyu. Masu hankali duk suna inuwa, ba mai hana ku. Kada ka ɗauki ruwa, nauyi gare shi. In ya ce, "Don Allah ina muka nufa?" ka ce, "Saura kaɗan." Lawan ya faɗi haka sau bakwai, a kan duwatsu da cikin ƙaya.

3. Yarda da waya fiye da idonka

In ta nuna cikin lambun wani a bakin kogi, faɗa ciki. Sallama ta mutanen da ce.

4. Bar wa aboki tonon

Kai aikinka ɗaukar hoto. Zakari ya durƙusa gindin mangwaro, ya tono gwangwanin madara ɗaure da baƙar leda, ya zaro takarda mai jerin sunaye. Lawan ya miƙa masa biro.

5. Kare kanka da ilimi

A nan mai lambu zai ɓullo da fartanya. Nasu shi ne Malam Shu'aibu, wanda tumatirinsa ya shekara biyu yana ruɓewa ba dalili. Ya dubi rami, ya dubi takarda.

"Ashe ku ne! Sunayen su wa kuke binne min a gona?"

"Baba, wasa ne," in ji Lawan. "Har a Jamus ana yi."

"Innalillahi! Wato har Jamus kuke da ƙungiya!"

Kafin ka ce kwabo masu lambu shida sun taru.

6. Ranta a na kare

Kai ne mai takalmin gudu, shi silifas ya sako. Lawan ya bar Zakari da biro a hannu, shi kuwa Zakari ya riga ya rubuta sunansa, har da "tela, Badarawa", don mutum ne mai tsari.

7. Zauna ka jira

Kwana uku labarin telan da ke binne sunayen mutane ya zaga unguwa. Asabe, wadda ta shekara goma tana kawo masa ɗinki, ta zo ta karɓi atamfarta ba a yanka ba.

"Ba komai, Malam Zakari," ta ce, idonta a ƙasa. "Sai dai ka yago min shafin da ka rubuta sunana da awona."

Ya yago ya ba ta. Abin ya yi masa ciwo fiye da marin da ya sha a lambu.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da ƙaya, ƙishirwa ko fartanya. In abokinka ya daina amsa gaisuwarka, kada ka zo min kuka. Lawan ma ya je ba da haƙuri, ya tarar da shagon a rufe, an ce telan ya kwashe kekensa ya koma Kawo, inda ba wanda ya san sunansa.