Ranar da Iya ta je shaida ni ɗan Duwala ne

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai takarduna na neman shiga makarantar likitanci a nan Duwala. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ga yadda abin yake: ana raba guraben karatun ne bisa yankin da mutum ya fito. Kawuna ya ba ni shawara in ce ni ɗan Garwa ne, wai can gasar ta fi sauƙi. Na ce Allah ya kiyaye! Garwar da ko a mafarki ban taɓa takawa ba? A unguwar New Bell ta nan Duwala aka haife ni, nan aka haifi babana, nan kabarin kakana yake. In zan shiga, da sunan garinmu zan shiga.

Na sha farar riga da takalmi mai tsini (na aro ne, yana matsa ni), na hau bensikin, wato ɗan acaɓarmu, na isa ofishin. Layi har bakin titi. A bayana akwai wata yarinya 'yar unguwar Logbaba mai tabarau, ni kuwa sai zuba mata Faransanci nake, ina ja mata sunayen ƙasusuwan jiki kamar ni na halicce su.

Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya dubi sunana, ya dube ni. "Bahaushe, kuma ɗan nan yankin? To, sai ka kawo mana..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Zuciya ta ɗebe ni, na fizge takarduna, na ce zai ga shaida, na fice ina huci. Saura kwana ɗaya a rufe karɓa, amma ni ta fushi nake.

Kuskurena na biyu shi ne ba da labarin a tsakar gida, Iya na jin mu. Iya kakata ce ta wajen uba, ta yi shekaru tana sayar da ƙosai a bakin kasuwa tun kafin a haifi wannan ma'aikacin, kuma ba a taɓa jin ta sha kaye a faɗa ba. Ta ajiye carbinta ta ce, "Wa ya ce mijina baƙo ne?" (Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. A gida abin dariya ne.)

Washegari na fito, sai na tarar da tasi biyu a ƙofar gida. A ciki ga Iya, da ƙawayenta cikin ankon wani tsohon biki, da tsohon wanzamin unguwarmu da ko gani sosai ba ya yi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta ce in shiga mota ko ta tafi ba ni.

Jama'a, Iya ba ta san layi ba. Ta ratsa ɗalibai har gaban tebur, ta buga sandarta, ta fara da Pidgin ɗinta mai ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta ce cibiyata tana binne a gindin mangwaron gidanmu, in yana so a tono masa. Ta nuna wanzami ta ce shi ya yi mini kaciya, kuma kukan da na yi ranar har can unguwar Nkololoun an ji. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai, har cizonsa na yi. Wata ƙawarta ta ƙara da cewa ita shaida ce, don katifar da nake jiƙawa da fitsari a katangarta ake shanyawa har na shiga aji huɗu.

Innalillahi! Layi ya kece da dariya. Na waiga, ga mai tabarau ta dawo kawo cikon nata takardun, ta toshe baki da takardunta, kafaɗunta na rawa. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Ma'aikacin ya share hawayen dariya ya ce, "Mama, ku yi haƙuri. Takardar haihuwar babansa kawai zan ce ya kawo jiya, ya tafi bai saurara ba."

Iya ta juyo ta harare ni. "Au, mijin nawa, ashe kurma ne kai?" Ta kwance bakin zaninta, ta zaro takardar a cikin leda. Ashe ta taho da ita tun daga gida, kawai dai sai da ta faɗi abin da ke ranta.

Ya buga hatimi, ya miƙa mata hannu biyu, ya kira ta uwar gari. A nan, cikin kunyar, na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji, don ban taɓa ganin an tsaya mini haka ba.

Na ci jarrabawar, a gurbin 'yan Duwala. Shekarun da na yi a makarantar ba wanda ya kira ni da sunana, sai Dokta Katifa, kuma na amsa. Abin da na koya shi ne in bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin in yi fushi. In kuwa kana neman masu shaidar kai ɗan gari ne, ka sani waɗanda suka san ka da gaske ba sa tace abin da za su faɗa.