Zoɓon Kaka da Ruwan Kanwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ce ludayi ɗaya kawai zan sha ba. Ɗaya fa. Duk abin da ya biyo baya daga ɗayan nan ya fito.

Bikin yayata Hajo ake yi. Dangin ango sun taso tun daga Birnin Lalle, kuma kowa a Dakoro ya san ba tuwonmu ne ya sa suka yi sammako ba. Zoɓon Kaka Tasalla suka zo sha. An ce har Buzayen ayari, in sun sauke raƙuma bakin rijiya, sai sun tambaya ko tsohuwar nan mai jan zoɓo tana nan da rai. (Ban ji da kunnena ba, amma na sha faɗa har na yarda.)

Kaka ba ta jiƙa zoɓo kamar sauran mata. Iri uku take haɗawa, kowanne da tukunyarsa. Akwai baƙi-baƙin nan na fadama, shi ke ba da launi da nauyi a baki. Akwai ja wur na gonakin Ajekoriya, mai tsamin da zai sa jaki ya yage baki. Na ukun na bara ne, ya shekara a rumbu; ta ce shi ne dattijo, ba ya surutu, amma in babu shi taro ya watse. Sai ta zauna da ludayi, ta ɗebo nan, ta ɗebo can, ta ɗanɗana, ta rufe ido kamar mai sauraron kiran salla daga wani gari. Citta kaɗan. Kanumfari bakwai cif daga ƙullin da fatake suka kawo mata. Zuma a ƙarshe. Ta juye a tulu, ta binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakinta.

"Mijin," ta ce mini (haka take kirana, sunan kakana na ci), "tsaya bakin ƙohwa. Ko ƙuda kar ya shiga."

An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ludayin farko, wallahi sai da na zauna. Tsami ne ya fara yi mini sallama, kafin in ɓata fuska zuma ta taho daga baya ta ba ni haƙuri. Citta ta sauka maƙogwaro da ɗumi. Can bayan na haɗiye, wani ƙamshi ya taso kamar na ƙasa ranar ruwan farko na damina. Na ce a'a, wannan abu yana buƙatar bincike. Na ci gaba da bincike har na leƙa tulu na ga wuyansa wayam.

Dabara ta zo mini, irin wadda ke zo wa wawa da gudu. Bayan ɗaki, kusa da turken shanu, na ga ƙwarya cike da ruwa. Na sure ta na tuttula a tulu, na mai da faifai na rufe, na koma bakin ƙofa na tsaya kamar dogari. Ban san Baba ne ya jiƙa wa bijimansa kanwa a ciki ba.

Bayan azahar mata suka cika gindin bishiyar bedi. A tsakiyarsu ga Gwaggo Mariya, gwaggon ango, wadda aka ce ko gishiri ta lasa sai ta samo masa aibi. Kaka ta sa aka fito da tulu, ta karkata shi kan farar ƙwarya. Abin da ya zubo ba ja ba ne. Baƙi ne mai kore-kore, kamar ruwan marina.

Inna ta dafe ƙirji.

"Wanga ne zoɓon da anka cika mu da labari nai?" in ji Gwaggo Mariya. "Ko zannuwa za mu tuɓe a rina muna?"

Na ga Hajo ta leƙo ta bayan asabari. Wannan maganar ce za ta bi ta gidan miji har tsufa, ni kuwa na jawo.

Kaka ko gezau. Ta tsoma yatsa, ta ɗora kan harshe, ta rufe ido.

"Kanwa," ta ce. "Jar kanwa ta shanu, an jiƙa ta tun sahe. Ruwan kau ba na rijiyarmu ba ne, na rijiyar dabbobi ne." Ta sake lasa. "An kuma sha mini ludayi goma sha ɗaya."

(Ni tara na ƙirga. Da na zauna na yi tunani, ita ce da gaskiya.)

Ta ce a kawo tsamiya. Ta mutsuke ta a ruwa, ta tace, ta riƙa ɗigawa a tulu tana juyawa, ba gaggawa. Ta ƙara ragowar na Ajekoriya, ta lasa, ta ƙara zuma, ta lasa. Da ta sake karkata tulun, tsigar jikina ta tashi. Ja ya dawo! Ja wur kamar garwashi, har hasken rana na ratsa shi. Na ga matacce ya tashi a gaban idona, a hannun tsohuwar da ba ta da haƙori ko biyar.

Gwaggo Mariya ta kurɓa. Ta lashe leɓe. Ta sake kurɓa, ta miƙa ƙwarya.

"Tubarkalla, tsohuwa. Ƙaro mini."

Har na fara jan ƙafa zan sulale.

"Mijin, taho. Kai ka tsare ƙohwa. Wa ya shiga?"

"Ba kowa, Kaka. Ƙila aljani ne."

"Kunnena ya tsuhwa. Buɗe baki da kyau ka hwaɗi."

Na wangale baki na ce, "Aljani!"

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Harshena ja jawur, ga haƙora kamar na ci ɗanyen nama.

"Ga aljanin nan mun gani," in ji Gwaggo Mariya, tana share hawaye. "Allah ya ba ki haƙurin wanga miji, Tasalla."

Na koyi abu guda: in za ka yi wa mutum ƙarya, kar ka zaɓi wadda harshenta ke ƙirga ludayi. An kai Hajo Birnin Lalle da sunan gidanmu cikakke. Gyararren zoɓon ko ɗigo ba a ba ni ba, kuma kwana bakwai ni nake jan ruwan bijiman Baba.