Kilo Uku na Ƙarfe

"...lafiya lau, Tsinke. Kai ne abin tambaya, na ga kana tafe kamar an ɗaura maka turmi a ƙugu."

Ina bakin famfo ina wanke babur na ji wannan gaisuwa. Tela ce, mai ɗinki a shagon ƙofar gidanmu, ta tare maƙwabcina Tsinke, makanikin nan da iska mai ƙarfi kan sauya wa hanya. Taubasai ne: babanta da mamarsa ciki ɗaya suka fito. Shi Randa yake kiranta, saboda ƙibarta. Mamar tasa kuwa kwananta tara a asibiti tana jiran tiyata.

"Matsa min, Randa, sauri nake."

"Sauri da wannan tafiyar agwagwa? Me ke ƙara a jikinka, kacau-kacau?"

"Ƙasusuwana ne."

"Ƙasusuwanka ko a miya ba sa ƙara. Tsaya!"

Ta cafki aljihunsa. Sai ga notuna da kusoshi sun zube, har da sifana. Wandon, da ma da igiya ya ɗaure shi, ya nemi ya bi su ƙasa.

"Inna lillahi! Sata ka fara? Garejin ka kwaso gaba ɗaya?"

"Aro na yi."

"Asibitin mota za ka?"

Tsinke ya durƙusa yana tsince su ɗaya-ɗaya.

"Jini za a ƙara wa Mama, leda biyu, kafin su taɓa ta. Ogan gareji ya ba da ɗaya. Jiya na je in ba da ɗayar, nas ta ce hau sikeli. Kilo arba'in da bakwai. Wai sai mai hamsin."

"Shi ne ka auno kilo uku na ƙarfe?"

"A sikelin mai nama na gwada, ya cika cif."

"Kai dai ba a banza aka bar ka da wanke ƙarafa a gareji ba. Nas ɗin makauniya ce? Jiya tsinke, yau ingarma? Ko sauro ya cije ka sai ya nemi ƙari wajen maƙwabta."

"Ke kuwa in ya cije ki sai an kai shi gida a baro."

"Sikeli za ka cuta, jikinka fa? Su zuƙe leda guda ka faɗi, Gwaggo ta matsa maka gefen gado?"

"To ya zan yi? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutum shida na bi. Wannan hawan jini, wancan matarsa ta hana, ɗaya ma ya kashe waya. Likita ya ce in azahar ta yi babu jini, sai wani makon. Mama ba ta da wani makon, Randa. Tafin hannunta fari fat kamar takarda."

Ni dai na kashe famfo. Ina cikin shidan nan, kuma hawan jinin nawa gaskiya ne, amma ban iya ɗaga kai ba.

Tela ta sassauta murya. Tun da ta kama shagon nan ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

"Shekaranjiya na je, ta ce min da sauƙi."

"Mama ko a makara aka tambaye ta, da sauƙi za ta ce."

"Kai kuma bakinka ɗinke shi aka yi? Ka bi bare shida ka tsallake ni? Ranar wanka ake ɓoyon cibi?"

"Ke? Wadda aka zo rigakafi ta ɓuya a bayan buhun gawayi, da girmanta da komai? Bara yatsa kika yanke, mutum huɗu suka yi miki fifita."

"Zafi ake yi ranar."

"Ana ruwan sama."

Ta kalli keken ɗinkinta, ta kalli hanya. Na ga goshinta ya fara tsattsafo gumi.

"Allurar... babba ce?"

"Kamar bututun mai."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ƙarama ce, wallahi. Kau da kai kawai za ki yi. Sun ce dai a ci abinci kafin a zo."

"Wannan kam na cika sharaɗi, sau biyu ma." Ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo, makullin na ta kuɓuce mata. "In na suma kada ka bari a ɗauke ni hoto. In kuma suka ce nawa ma bai yi ba?"

Tsinke ya ɗaga kai ya duba inda rana ta kai.

"To mu je. Amma sai ka faɗa da bakinka, gaban maƙwabci: wace ce uwargijiyarka?"

"Haba, Randa."

"Azahar na matsowa."

Ya yi wata dariya da ta fito tare da hawaye, ya goge da bayan hannu, baƙin mai ya shafe masa kumatu.

"Ke ce, ranki ya daɗe. Kawo jakar in riƙe miki."