Sarkin Ƙanƙara da Buhunan Algarara

Injiniya Alkasim bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ya fi duk duniya sanin zafi ba. Ka ce masa yau ana rana, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Wannan ce rana? Ni da aka haifa a Sakkwato tsakiyar bazara!" Allah ya yi masa baiwa: digiri na uku yake yi kan sanyaya injuna, ga gilashi, ga biro uku a aljihun gaba. Ɗalibanmu na unguwar Danau Kota a Malesiya suka laƙaba masa Sarkin Ƙanƙara. Ya ɗauka naɗi ne, yana amsawa da ɗaga hannu.

A shekarar korona ta biyu aka sake kulle gari, ba mai wuce kilomita goma daga gidansa. Surukarsa Iya Bintu, wadda ta zo wankan jegon 'yarta Sharifa aka rufe iyakoki ta maƙale, ta shekara tana kallon bango ɗaya a hawa na sha bakwai. Sai Injiniya ya yi shelar zai kai iyali shan iska. Ya aro tirelar yawo, irin mai ɗaki da gado a ciki da ake ja da mota, a wajen mai gidan da suke haya, dattijon da kowa ke kira Pak Cik. Tunda ba halin barin gari, aka ja ta zuwa filin ajiye motoci na bayan bene. Tafiyar minti biyu ce, amma sai da ya yi addu'ar hawa abin hawa.

Pak Cik ya ce a ajiye ta ƙarƙashin bishiya, a buɗe tagogi, a jona wayar na'urar sanyi. Injiniya ya yi murmushin malamai.

"Na'ura ta ragwaye ce. Kakannina sun sanyaya ɗaki tun ba a san lantarki ba. Yau Malesiya za ta ɗauki darasi."

Dattijo ya ce, "Boleh, boleh," wato yana yiwuwa, ya tafi abinsa.

Darasin kuwa namu ne na gida. A jiƙa buhunan algarara a toshe tagogi, a yayyafa ruwa a ƙasa, a ajiye baho a kowace kusurwa. Ya kafa tirelar a tsakar rana, wai rana ce ke jan ruwa ta bar sanyi. Ya kuma aika wa ɗalibai arba'in cewa ƙarfe biyu daidai su kira shi ta bidiyo, zai nuna musu ma'aunin zafi ya sauka zuwa ashirin. Sunansa kacokan ya rataya a kan allurar ma'aunin nan.

Kada a ɗora masa shi kaɗai. Iya Bintu ce ta tsoma buhunan da hannunta, har da ƙarin zannuwan Sharifa, tana cewa ai shekara sittin tana haka a Gusau. Mu mutanen Arewa, komai za a koya mana mu saurara, ban da zafi. Daga suruka har suruki ba wanda ya tuna iskar garin nan a jiƙe take zuwa, garin da wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Da hantsi ɗaki ya fara huci. Sharifa ta saɓi ɗanta ta koma sama, ko sallama babu. Injiniya ya ce, "Zufa ita ce shaidar tsarin yana aiki. A ƙara ruwa." Iya ta ƙara.

Kafin azahar rufi ya soma ɗigo. Gilashinsa ya yi hazo, tawadar biro ta zana taswira a ƙirjin rigarsa. Allura ta wuce arba'in tana neman gaba. Ya ce ma'aunin ne bai saba da ilimi mai zurfi ba.

Iya ta matse ɗankwalinta, ruwa ya tsiyaya. Ta ajiye kunyar surukuta gefe ta ce, "Mijin Sharifa, wannan ba shan iska ba ne. Dambu ake turarawa, mu ne tsakin." Ta fice ta zauna gindin bishiyar da ya raina, iska na kaɗa ta kyauta. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Shi kuwa ya daure, don sarki ba ya gudu daga fadarsa. Biyu saura kaɗan ƙofa ta buɗe, tururi ya riga shi fitowa. Ya sauko da rarrafe, ya ja jiki har inuwar, ya baje kusa da ƙafafun surukarsa kamar kifin da aka tsamo daga miya.

Nan take waya ta ɗauki ruri. Fuskoki arba'in na jira. Ya miƙa mata wayar.

"Iya, don girman Allah, ki ɗauka ki ce musu babu sabis."