Ranar da Na Tanƙwashe Ƙafa a Kujerar Direba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, can ƙarshen shekarun casa'in, 'yan shekaru bayan kuɗin sefa ya karye, masu sayen mota a Tawa suka yi ƙaranci. Na ɗauko wata mota daga Kwatano, ta yi wata uku a ƙofar gidana, ba wanda ya ko taya. Motar kuwa tana da wani maɓalli a jikin sitiyari: in ka danna, ita ke riƙe gudunta, in ta hango mota a gaba ta sassauta da kanta. Wanda ya sayar min ya ce, "Sassautawa take, ba ta tsayawa. Kada ƙafarka ta yi nisa da birki." (Na ce masa to, irin "to" ɗin da dillali ke faɗa hankalinsa na wani wuri.)

Sai ga Alhaji Mamman, mai fataucin shanu daga Barmu. Mutum ne da in ya yaba abu duk ƙasarmu ta Adar sai ta saya, in ya kushe kuwa sai dai ka canja sana'a. Muka hau hanyar Agadas gwaji.

"Mi motarga taka iya wanda tawa ba ta iya ba?" in ji shi.

Na danna maɓallin. Muka cim ma wata babbar mota, tamu ta sassauta ita kaɗai. Alhaji ya leƙa ƙafata, ya ce, "Ikon Allah!" Da na tsaya nan, da ciniki ya faɗa lafiya. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na tuɓe takalma, na ɗaga ƙafafu biyu na tanƙwashe su a kan kujera kamar mai jiran fura a tabarma.

Babbar motar ta kauce, tamu ta ƙara wuta. A gabanmu sai amalanken jaki, shaƙe da buhunan albasa. Na jira motar ta gan shi. Ba ta gan shi ba. (Wanda ya ƙera ta bai taɓa jin labarin jakin ƙauyen Kalfu ba.)

Na yunƙura in sauke ƙafa, babbar riga ta naɗe ta. Ni, magidanci mai 'ya'ya shida, na buɗe baki na kurma ihu, "Wayyo Inna!" Na fizgo ƙafa, riga ta yage har gwiwa, na dirka wa birki tsirarar diddige. Muka tsaya, hancin mota na shinshinar buhu. Jakin ko waiwayowa bai yi ba.

Na fito daga mota, mai amalanke ya dube ni ya ce, "Malam, ina takalmanka?"

Alhaji ya daɗe yana salati. Ni kuwa na gama sallama cinikin a raina, na ce, "Alhaji, laifina ne. An gargaɗe ni, ban ji ba."

Ya gyara hula ya ce, "Motar tana da birki, na gani da idona. Kai ne ba ka da shi. Na saya."

Ya saya, kuma kafin damina abokan fataucinsa uku sun zo min neman mota, kowa na tambayar gidan Wayyo Inna. Har yau sunan da ake kirana ke nan a tasha, ina kuma amsawa da fara'a. Duk motar da na sayar mai irin wannan maɓalli, nakan gaya wa mai ita: ka bar ta ta riƙe gudu, amma ido da birki naka ne. Takalmi kuma, sai ka isa gida.