Ranar da Na Mai da Muryar Malam Isufu Ta Ɗan Akuya

Ba zan taɓa mantawa da sunan da aka yi a Allakaye ba, ko na so in manta ma, taubashina Hamidu ba zai bari ba.

A zamanin da na fara aikin radiyo, in kana son gyara murya, zaren kaset kake kamawa da hannu, ka yanka da reza, ka liƙe. Na yi wannan aiki a Yamai, na yi shi a Abijan, na taɓa shi a Aljeriya da Faransa, kuma babu inda reza ta taɓa cin amanata. Yanzu komai ya koma cikin ordinater, wato kwamfuta. Bayan na ajiye aiki na dawo Madawa, na koyi wata manhaja ta sarrafa sauti: kana zana ƙananan akwatuna a allo, kowane da aikinsa, ka haɗa su da zare. Murya ta shiga ta sama, ta ratsa su, ta fito ta ƙasa. Wasu akwatunan ba sa zuwa tare da manhajar, ƙari ne da wasu suka ƙera, kai za ka sauke ka zuba a dosiye, wato ma'ajiyarsu a cikin na'urar. Sannan ka nuna wa manhajar hanyoyin da za ta bi ta same su, wannan a kan wannan. Ta sama take fara bi. (Ku riƙe wannan, a nan na faɗi.)

Malam Isufu na Allakaye aminina ne, Allah ya jiƙansa. Manomi ne mai murya kamar ganga, shi ke kiran gayya lokacin da ake jera duwatsu a gangaren tudu don tare ruwa. Na taɓa ɗaukar maganarsa a tsakar gidansa, a ƙarshe ya yi wa 'ya'yansa addu'a. Kaset ɗin ya tsufa, sai shuu da wani bugu dim-dim a bayan muryar. Da aka haifa wa ɗansa Mamman namiji, aka ce sunan kakan za a sa, Mamman ya roƙe ni in gyara muryar a saurara ranar suna. Uwarsa, Inna Hajo, ba ta sake jin muryar mijinta ba tun da ya rasu, kuma don wannan kaɗai ta yarda a kawo lasifika gidan.

Na zauna na gina abin da kyau. Na sa akwatin da ke tace ƙara, na kashe shuu, na kashe dim-dim, muryar ta fito tas har na yi ƙwalla. Na yi ta yi wa Hamidu fahariya cewa ko a Faransa ba za a fi haka ba.

Ana gobe suna, masu wasan kwaikwayo na wata radiyon karkara suka zo neman taimako, suna son muryar ɗan akuya mai magana. Na sauke musu wani tarin akwatunan ban dariya, na ƙara hanyarsa, ta hau can sama. Suka tafi suna godiya, na rufe ordinater. Ban sake buɗe aikin Malam Isufu ba. Don me zan buɗe abin da na riga na gama?

Abin da ban sani ba, cikin sabon tarin akwai wani akwati mai suna iri ɗaya da nawa mai tace ƙara. A nan fa raina ke ɓaci har yau. A duk Adar, in baƙo ya ce yana neman gidan Abdu, babu wanda zai nuna masa ƙofa sai ya tambaye shi wane Abdu, ɗan wa. A Abijan ma, da cunkosonta, sai an tambaye ka wace unguwa. Amma wannan manhaja, da masu ilimi suka zauna suka ƙera, gidan Abdun da ta fara tararwa nan take kutsa kai, ba sallama, ba tambaya, kuma ba za ta gaya maka ba.

Da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, muka kafa lasifika a bakin zaure yadda maza a waje da mata a ciki za su ji. Inna Hajo ta zauna a bayan zana, ina hango gefen mayafinta. Na miƙe na yi jawabin da babu wanda ya nema. Na yi da Hausa, na ɗan zuba Faransanci don malaman lakol, wato makarantar boko, na gai da makiyayan da suka zo da Fillanci. Na ce yau za su ga abin da ilimi ke yi. Sannan na danna.

Kalmomin na Malam Isufu ne, ɗaya bayan ɗaya. Muryar kuwa siririya, tana rawa, tana tsalle, sak ɗan akuyan da aka raba da uwarsa. Da wannan murya aminina ya yi sallama, da ita ya fara kiran 'ya'yansa.

Liman ya sunkuyar da kai. Wata mata a ciki ta fara salati, wata ta ƙunshe dariya ta kasa. Hamidu ya jingino, ba ya ko rage murya: "Alhaji, wanga shi na ilimin Faransa? Ka tahi da rago ka komo muna da akuya?"

Na ce sam, lasifikar ce. Na zargi batir, na zargi zafi, har na zargi Hamidu da taka waya. Na sake dannawa, ɗan akuya ya sake yin sallama. Mamman kuwa bayan zana kawai yake kallo, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Mayafin ya motsa, na san tashi za ta yi.

"Inna, don Allah ki dakata," na ce.

Babu lokacin binciken hanyoyi. Na cire zaren daga duk akwatunan da na yi alfahari da su, na haɗa muryar kai tsaye yadda ta fito daga kaset. Shuu ya dawo, dim-dim ya dawo, a tsakiyarsu kuma ga Malam Isufu da muryarsa ta ganga. Mayafin ya koma ya zauna. Da ya kai ga addu'a, maza da mata suka amsa amin kamar yana zaune a tabarma.

Bayan an watse Inna Hajo ta aiko a kira ni. Na je ina shirya ban haƙuri, ta tare ni: "Wanga bugu da ka ce ma Mamman ka kashe, dakana ne. Ni ad da turmi a bayan mai gida ran nan. Bar min shi yadda shi ke."

Wato har abin da na gyara daidai ma, da ya yi aiki, da na fitar da ita daga gidanta.

A Madawa na gano akwatin da ya yi mini sojan gona, na sauko da hanyarsa ƙasa ina zaginsa cikin harsuna huɗu. Tun daga ranar ba na kiran akwati da sunansa kaɗai, sai na haɗa da sunan tarin da ya fito, kamar yadda ake cewa wane ɗan wane. Kowane aiki kuma akwatunansa na zaune tare da shi a dosiye guda, kuma ba na jawabi sai na saurara da kunnena. Yaron nan Isufu ya fara tafiya yanzu, amma a Allakaye babu mai kirana da sunana. Alhaji Mai Akuya ake cewa, har liman.